Ledar da Yaya Nura Bai Ɓare Ba

Cikin ranakun da na yi a shagon kwamfutoci na Doka, akwai wata Alhamis da ban taɓa mantawa da ita ba. Ku da za ku fita koyon aiki bana nake ba labarinta, don ku san irin mutanen da za ku tarar.

Ina aji biyu lokacin, makaranta ta tura mu koyon aiki na wata shida. Na samu wuri a wani shago da ke sayar da kwamfuta da waya, yana kuma gyaransu. Mai shagon, Alhaji Sani, rabin rayuwarsa a hanyar Legas yake. Anti Larai ke kan teburin ciniki, ita ce babba idan ba ya nan. Yaya Nura shi ne babban mai gyara. Ni kuwa, da Alhaji ya lura ba ni da magana amma ba na tsallake abu, sai ya ɗora ni a kan karɓar kaya.

Ga yadda aikin yake. Kaya na zuwa daga Legas a motar saƙo, cikin babban kwali mai ruwan ƙasa da aka naɗe da salatif. Mai karɓa zai buɗe wannan na waje, ya duba lambar da ke jikin kwalin ciki, ya tabbatar abin da aka yi oda ne. Nan aikinsa ya tsaya. Kwalin ciki yana lulluɓe da ledar kamfani, kuma wannan leda ba ta ma'aikaci ba ce, ba ta Alhaji ba ce, ta mai saye ce. A kasuwarmu, ko ba a kunna abu ba, muddin an ɓare ledarsa ya zama na hannu, farashinsa ya faɗo.

Yaya Nura ba shi da hira sai ta na'ura. Kafin ya amsa gaisuwarka ya gaya maka abin da aka fitar jiya a ƙasashen waje. Agogonsa na ƙirga bugun zuciya, iyafis ɗinsa ba shi da igiya, wayarsa kuma ninke ta ake yi kamar takarda. Kowane wata sai ya yi wa wani abu jana'iza.

"Farfesa," haka yake kirana saboda littafin da ba na rabuwa da shi, "kwamfutar tebur ta rasu, iyalanta ne kawai ba a sanar wa ba. Laftof mai fanka ma tana gargara. Nan gaba kaɗan waya za ta haɗiye su duka, ita ma agogo ya haɗiye ta."

"Marigayiyar ce dai ke ciyar da kai," in ji Anti Larai. "Tun safe cikinta kake tona."

Amma a faɗi gaskiya, sau da yawa maganarsa na fitowa daidai. Shi ya ce wa Alhaji a garin da ake ɗauke wuta ba gudun kwamfuta ke sayar da ita ba, daɗewar batir ce. Shi ya ce duk lokacin da dala ta tashi a cika shago da Baljiyam, wato kwamfutocin da aka yi amfani da su a waje, don can mutane za su koma. Duka biyun haka aka yi. Matsalarsa ɗaya ce: hannunsa ba ya iya ganin sabon kwali ya ƙyale. Kafin zuwana ya taɓa ɓare wata waya, wai don ya ji nauyinta kawai. Alhaji ya sayar da ita da asara, ya kuma ce masa a gaban kowa, "Nura, ka sake ɓare min kaya, ka ajiye min makullina."

Ana nan sai ga Alhaji Mudi, wani Bazamfare mai motocin yashi a Katabu. 'Yarsa ta samu shiga jami'a, yana so a kawo mata laftof wadda ta fi kowacce. Yaya Nura ya zaɓa masa wata siririya mara fanka da ya daɗe yana wa'azi a kanta, alhali bai taɓa riƙe ta ba, a bidiyo kawai yake ganinta. Alhaji Mudi ya kafa sharaɗi ɗaya: "Ɗiyata ce za ta ɓare ta da hannunta. In na ga an taɓa, ba ni so."

Kayan suka iso ranar Alhamis da hantsi, Alhaji Sani na Legas, Yaya Nura kuma ya fita gyara a wani ofis. Mai kaya zai zo ɗauka ranar Asabar. Na buɗe kwalin waje, na duba lamba, komai daidai. Anti Larai ta leƙo ta dubi ledar tana sheƙi, ta dube ni.

"Wannan ba za ta kai Asabar ba," ta ce.

Ni ma na sani. Tun farkon mako nake jin Yaya Nura na cewa da na'urar hura zafi, wadda muke ɗaga gilashin waya da ita, ana iya ɗaga leda a mayar ba wanda zai gane. Na kuma san ƙarya ce, leda takan yamutse.

Shawarar tawa ce, kodayake a hankali na faɗe ta har sai da Anti Larai ta ce in maimaita. Muka kulle sabuwar a durowarta. Na shiga sito na zaɓo wata tsohuwar laftof mai kaurin bulo, maɓallanta sun zube kamar haƙoran tsoho. Na naɗe ta da soso, na sa a kwalin waje, na bi tsohon layin salatif na manna sabo a kansa daidai. Anti Larai ta ce da na zama ɓarawo da an shiga uku.

Yaya Nura ya dawo bayan azahar. Yana ganin kwalin ya tsaya cak.

"Ita ce?"

"Kayan Alhaji Mudi ne," in ji Anti Larai, ba ta ɗago kai ba. "Kada ka ko shafa."

"Ni? Haba Anti. Me zan gani a ciki da ban sani ba?"

Ya zauna a teburinsa, ya riƙe sukudireba a juye. Ya tashi ya sha ruwa, ya bi ta gefen kwalin. Ya dawo ya gyara masa zama, wai kada ya faɗo, alhali a ƙasa yake. Can ya ce rana na dukan kwalin, bari ya kai shi sito. Ya ɗauka ya shiga, na'urar hura zafi na leƙowa daga aljihunsa, ya tura ƙofa.

Muka kasa kunne. Muka ji ƙarar salatif. Sai shiru. Sai salati.

Mun zaci zai fito da ihu mu yi dariya a wuce wurin. Ba haka aka yi ba. Ya fito fuskarsa ta yi fari, ya ce zai je ya dawo, ya fice. Sai a lokacin na gane inda muka jefa shi. A tunaninsa an sauya kayan a hanya. In ya faɗa, ya tona wa kansa asiri cewa ya buɗe. In ya yi shiru, ranar Asabar yarinya za ta buɗe kwali ta tarar da gawa.

"Bi shi, Farfesa," in ji Anti Larai, dariyarta ta ɗauke. "Kada ya je tasha ya kama direban mutane da faɗa."

Ba tasha ya nufa ba. A layin bayanmu na same shi, a rumfar wani Bakatsine mai sayen kayan hannu da ake kira Ɗan Baba. Ya zube komai a kan tebur: wayar nan mai ninkewa, agogon, iyafis, har da fawa-bankinsa. So yake ya haɗa kuɗin wata sabuwa a sako ta motar gobe.

Ɗan Baba na juya wayar yana taɓe baki. "Injiniya, wannan ai an daina yayinta, sabuwarta ta fito."

"Wannan ce wayar gobe!"

"To ka kawo ta goben. Yau dai masu ƙaramar waya mai riƙe caji ke zuwa nan. Agogon kuma wa zan sayar wa? Mai sayen agogo lokaci yake son gani, ba zuciyarsa ba."

Ya yi masa tayin da ko ni sai da na ji kunya. Yaya Nura ya tsaya yana kallon kayansa. Kun san dokar kasuwa: da zarar mai kaya ya ce ya sallama, magana ta ƙare, ba a dawowa. Na ga ya ja numfashi, ya buɗe baki.

Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu, ban san lokacin da na ƙwala ihu ba: "Yaya Nura, kada ka sallama! Tana durowar Anti!"

Layin gaba ɗaya ya waiwayo. Yaya Nura ya dube ni. Sannan ya tattara kayansa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaura agogonsa, ya duba fuskar agogon ya ce, "Ka gani? Bugun zuciyata ya hau. Da agogon ya zama na Ɗan Baba da ban sani ba." Sai da muka kai ƙofar shago ya juyo gare ni. "Farfesa, ashe kai mugu ne? Salatif ɗin nan, wa ya koya maka?"

Anti Larai ta ce masa in yana son Alhaji Sani ya ji labarin, ita za ta kira shi da kanta. Ya ce a bar maganar a shago. Bai ko nemi inda makullin durowa yake ba.

Ranar Asabar Alhaji Mudi ya zo da 'yarsa Hafsa. Ya juya kwalin ta kowane gefe, ya shafa ledar da babban yatsa, ya miƙa mata. Ta yi bisimilla ta ɓare. Yaya Nura na tsaye ya harɗe hannuwansa a baya, ya damƙe ɗaya da ɗaya.

Uban ya ɗaga laftof ɗin ya jinjina ta a tafinsa, ya haɗe rai. "Wagga aba ba ta da nauyi ko kaɗan. Kun tabbata akwai kaya ciki?"

Nan Yaya Nura ya samu ƙofa. Ya yi bayanin batir, ya yi na rashin fanka, ya hango inda duniya za ta nan gaba, har Alhaji Mudi ya ɗaga hannu ya ce ya yarda, don Allah ya tsaya haka. Hafsa ta tura masa ita a kan tebur.

"Yaya, ka saita min ita mana, ni ban san ta inda ake farawa ba."

Ya goge tafinsa a riga sau biyu kafin ya taɓa.

Abin da na koya a wannan rana babu shi a littattafanmu. Mai saye ba na'ura kaɗai yake biya ba, har da zama na farkon da ya taɓa ta, kuma wannan ba a gyara shi a teburin gyara. Na kuma gane cewa gwanayen wannan sana'a yawanci masu ciwon son kayan ne, ciwon ne ma ya mayar da su gwanaye. Duk shagon da kuka je za ku tarar da irin Yaya Nura. Ku zauna kusa da shi, ku saurari duk abin da zai faɗa, don za ku ƙaru. Amma idan sabon kwali ya iso, ku riga shi zuwa ƙofa.