Katin Kawu Rabo a Damtsen Gola

Kawuna Rabo tela marowaci ne, kuma bai taɓa musu ba. In an faɗa masa, sai ya ce gara rowa da nadama. Tuwonsa dai kowa na ci. Rowarsa ta kati ce.

Wajen 1957 akwai wata sigari da ake sa ɗan kati a kwalinta, gaba hoton Bature ɗan ƙwallo, baya bayanin dabarar wasansa da Turanci. Kawu bai taɓa sa sigari a baki ba, amma duk direban da ya kawo masa kati daga Kano, kyauta ake yi masa faci. Katunan iri hamsin ne, shekara shida ya yi kafin ya tara su duka. A gwangwanin biskit yake ajiye su, kuma matarsa Zinariya ko ƙurar murfin ba ta isa ta share ba. Ni kaɗai yake nuna wa in na zo hutu, don in karanta masa Turancin, shi yana riƙe, ni ina leƙe.

Bayan kati, abin da yake so shi ne ƙungiyar ƙwallon samarin Dutsin-Ma. Shi ya ɗinka musu riguna. Kowace kaka ana karawa da Kurfi, kuma shekara biyar a jere Kurfi ke cin mu. Har ta kai ran kasuwa mutanen Kurfi kan tsaya a shagonsa su tambaya ko zai ɗinke mana bakin raga, tun da tsaronta ya gagara. Audi kyaftin ya roƙi aron katunan sau biyu don su koyi dabarun, Kawu ya hana.

A 1964, saura mako guda a yi wasa, Zinariya ta ajiye masa abinci ta ce, "Malam, Turawan nan naka hamsin na cikin gwangwani, sun taɓa ci maka ƙwallo ko ɗaya?"

Washegari ya tara 'yan wasan, ya ba kowa katin da ya dace da wurin da yake bugawa, na fassara musu. Sharaɗinsa shi ne a dawo masa da su ba ko lanƙwasa. Manu gola, wani dogon Bafulatani na ƙauyen Kuki, ya makara a wurin kiwo, bai ji bayanin ba. Aka aika masa nasa, wanda Kawu ya yi shekara biyu yana nema kafin ya samu. Manu ya ga yadda ake lallaɓa abin, ya ɗauka asiri ne. Ya kai wa baduku, aka ninke shi huɗu, aka ɗinke a kambu.

A filin Kurfi Kawu ya tambaye shi katin. Manu ya nuna damtsensa ya ce, "Ga shi nan, Baba Rabo, na sa an rufe shi da kyau." Waɗanda ke wurin sun ce Kawu zama ya yi a ƙasa.

Audi ya ci ɗaya kafin hutun rabin lokaci. Dab da tashi aka ba Kurfi fanareti. Manu ya shafa kambunsa, ya faɗi hagu, ya rungume ƙwallon. Ɗaya da nema. Da kiɗa suka shigo gari, Kawu a saman mota ba hula.

Katunan sun dawo jiƙe da gumi, ɗaya akuya ta ci rabinsa. Manu ya zaro wuƙa zai farke kambun, Kawu ya riƙe masa hannu, ya ce a bar shi inda ya yi amfani. Daga ranar bai sake karɓar kati a hannun direba ba. Wasa kuwa bai taɓa wuce shi ba, har gwiwoyinsa suka gaza. Rowar ba ta bar shi ba, ta dai koma kan allura da zare.

Abu ɗaya ya roƙa a makon da muka ci Kurfi. Mai ɗaukar hoto ya zo daga Katsina ran kasuwa, sai Kawu ya aika aka kirawo su duka goma sha ɗaya.

"Ku sa rigunanku ku tsaya a ɗauke ku," in ji shi. "Ina da hoton baƙi hamsin, ba ni da naku ko ɗaya. Manu, kai ka ɗaga hannun nan a gani."