Kawuna Mai Kamun Kifi a Filin Ƙwallo

Shekarun baya, lokacin ba a daɗe da mayar da Jalingo babban birnin jiha ba, na kusa kashe wa kawuna aure da bakina. Ina 'yar shekara goma sha biyu, kuma duk unguwarmu ta Sintali an san halina. In kana son magana ta zaga unguwa kafin a tashi makaranta, ni za ka faɗa wa, ka ce kar in gaya wa kowa.

Kawun nan ƙanen mahaifiyata ne. Ya yi shekaru yana tuƙa wani Bature a tudun Mambila, wajen gonar shayi. Da Baturen zai koma ƙasarsu, sai ya bar masa sandar fatsa. Mahaifiyata ta ce wasu direbobin firij ake bar musu, wasu babur, shi nata ƙanen sanda ya samu, kuma har yana murna.

Amma sandar ba irin wadda muka sani ba ce. Gaɓa huɗu ce, ana haɗa ta, in ta haɗu ta fi tsayin mutum biyu, amma ba ta kai nauyin muciya ba. Da hannu biyu ake riƙe ta, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Tana da wani ɗan kwarkwaro da igiya mai kauri ke naɗe a jiki. Kawu ya ce an yi ta ne don wani kifi mai ɗige-ɗige na kogunan sanyi a ƙasar Baturen, wai shi tirawut. Ba a sa mata tana, ba a sa dalma. Ƙwaron ƙarya ake ɗaurawa, wanda aka yi da gashin tsuntsu da zare a jikin 'yar ƙugiya.

Da ya dawo, a gidanmu ya sauka. Ya samu aikin tuƙi a gari, ya kuma fara neman yayar ƙawata. Babansu dattijo ne Bajukune, ya yi rayuwarsa kaf yana su a Binuwai, da ƙarfi ya ragu ya dawo unguwar Sarkin Dawaki yana sayar da bandar kifi. Magana ta yi nisa, har an sa ranar da manya za su je gaisuwa.

Wata Asabar da sassafe aka aike ni sayen ƙosai, na bi ta filin ƙwallon firamarenmu. Wa zan gani? Kawu, shi kaɗai a tsakiyar fili, yana jefa igiya kan busasshiyar ƙasa. Ya jefa, ya janyo, ya sake jefawa. Ko ƙugiya babu, ɗan jan ulu ne a bakin igiyar. Kuma yana ƙirga wani abu a bakinsa.

Ƙosai bai huce ba na kai wa ƙawata labari. Na ƙara da abin da na taɓa ji yana gaya wa mahaifiyata, cewa in ya kama kifi wani lokaci mayar da shi ruwa yake yi. Na kuma ƙara gishiri, na ce yana magana da kifayen da ba a gani. Wannan kam ƙarya ce tawa, na amsa.

Bayan kwana uku aka aiko daga gidansu cewa a dakata da zuwa gaisuwa. Wai an ji yaron ya taɓu tun a Mambila. Wasu matan cocinmu har sun fara tambayar mahaifiyata ko za a sa shi a addu'a. Da ta bi sawun maganar ta ga a kaina ta tsaya, ba ta ko dake ni ba. Kallona kawai ta yi ta ce, in auren nan ya lalace, ni zan riƙa dafa wa kawu abinci har ya tsufa.

Shi kawu ko faɗa bai yi min ba, abin da ya fi duka zafi kenan. Ya sa riga mai kyau ya tafi rumfar tsohon a kasuwa, ya durƙusa ya gaishe shi. Bai yi rantsuwa ba, bai yi dogon bayani ba. Ya ce shi dai roƙonsa ɗaya, Baba ya zo kogin Lamurde ranar Lahadi da yamma ya gani da idonsa, in ya ga hauka, ya janye da kansa.

Ranar Lahadin, mahaifiyata ta ɗora min bokiti. Ta ce tunda ni na haɗa, ni zan je in ga ƙarshenta.

Damina ta wuce, ruwa ya kwanta ya yi haske. Tsohon ya zo shi kaɗai, ya zauna kan wani dutse, ya ajiye takalminsa gefe. Kawu ya naɗe wando ya shiga ruwa har gwiwa. Bayansa duk itatuwa ne, na ce a raina yau igiya za ta maƙale a reshe mu gama jin kunya.

Ba ta maƙale ba. Ya ɗaga sandar a hankali, ya zagayo da ita kamar mai tuƙa tuwo ba ya sauri, igiyar ta yi baka a gefensa, sai ya ɗan ja hannun ƙasa. Igiyar nan ta miƙe ta bi saman ruwa tana warwarewa, ta je can kusa da ɗaya gaɓar, ƙwaron ya sauka ko ɗigon ruwa bai tashi ba. Ni da na zo da fargaba sai na samu kaina baki buɗe. Ashe abin da yake yi a fili kenan. A kan ƙasa hauka ne, a kan ruwa kuwa ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba.

Sai dai kyau ba ya cika bokiti. Kusan awa guda ko motsi. Ya canja ƙwaro sau uku, duk cikin waɗanda Baturen ya bar masa, masu ja da ruwan ɗorawa.  Can na ga tsohon ya miƙa hannu ya jawo takalminsa ɗaya. 

Kawu ma ya gani. Maimakon ya ƙara sauri, sai ya tsaya cak. Ya sunkuya ya tara tafin hannu a kan ruwa, ya tsamo wani ɗan ƙwaro baƙi-baƙi da ruwa ya kwaso. Ya dube shi sosai. Ya buɗe gwangwaninsa ya ajiye na Bature gefe, ya ɗauko wani mummuna da shi ya ɗaure da kansa da gashin zabo da zaren ɗinkin mahaifiyata. Ya ɗora shi kusa da na gasken a hannunsa ya gwada, sannan ya ɗaura shi a igiya.

Tsohon ya ajiye takalmin.

Jifa na biyu ruwa ya fashe. Sandar ta lanƙwashe kamar za ta karye, kifin nan kawara tana tsalle tana walƙiya. Ya jawo ta a hankali har hannunsa. Na ruga da bokiti ina cewa a raina an gama, aure ya tsira.

Sai na ga kawu ya zare ƙugiyar ya riƙe kifin cikin ruwa. Na gane abin da zai yi. Na yi masa ido, na girgiza kai, har ƙafa na buga. Ya san sarai wannan na cikin abin da ake zarginsa da shi. Ya dubi tsohon ya ce, "Baba, wannan ƙarama ce. A bar ta ta ƙara shekara." Ya buɗe hannu ta tafi.

Tsohon ya daɗe yana kallon inda ta bi. Sannan ya ce, "Ni taruna bai taɓa barina in zaɓa ba."

Kafin rana ta yi ja kawu ya kama manya guda huɗu, su kam bokiti suka shiga. Tsohon ya taso ya ce a ba shi ƙwaron ya gani. Ya juya shi ya sake juyawa. Ya ce tun yana yaro ya san abin da kawara ke ci a kowane wata, amma bai taɓa tunanin mutum zai zauna ya ɗinka shi ba. Ya kuma ce fiffiken ya yi tsawo, a rage. Kawu ya ce to, Baba.

Sai tsohon ya ce a ba shi sandar. Mutumin da ya shekara nawa yana jefa tarun birgi, ya sa ƙarfinsa duka ya wurga. Igiya ta naɗe masa kafaɗa, ƙugiya ta cire masa hula ta jefa a ruwa. Na cije leɓe don kar in yi dariya. Tsohon ne ma ya fara yi. Kawu ya tsamo hular yana ba shi haƙuri, ya ce abin ba ƙarfi yake so ba, sai hannu ya saba, shi ya sa ake koyo a inda ba ruwa ba ƙugiya.

Tsohon ya matse hularsa ya ce, "Filin nan naka, ƙarfe nawa kake zuwa?"

Asabar ta gaba aka sake aike ni ƙosai. Na bi ta filin da gangan. Su biyu na tarar, kawu yana ƙirgawa, tsohon yana jefa jan ulu kan busasshiyar ƙasa. An yi auren bayan Kirsimeti.

Yanzu ina zaune a birni, aikina duk a waya yake, kullum ina ganin yadda ake ɗaukar rabin abu a yaɗa, kamar yadda na yi. Amma ba wannan ne ya fi tsaya min ba. Abin da nake tunawa shi ne hannun kawu lokacin da ya saki kifin nan. Aurensa na rawa, bokiti ba komai, ga ni ina buga ƙafa, amma bai yarda ya nuna wa surukinsa wani mutum daban da wanda 'yarsa za ta zauna da shi ba. Har yau in na ji ina son gyara kaina don wani ya so ni, hannun nan nake gani.

Sandar tana nan a gidan kawu, an ɗaure gaɓa ɗaya da zare. Su biyun da na gani a fili kuwa, ban gaya wa kowa ba, ko ƙawata. Shi ne sirri na farko da na taɓa riƙewa, kuma ku shaida ne, na yi ƙoƙari, sai yau ya kuɓuce min.