Alƙalin da Ya Biyo Mu Har Gida

Mun tashi da asuba daga Zariya, ni da autata, ko kunu ba mu tsaya sha ba. Ɗan yayana Nazifi ne sanadin tafiyar. Ya yi ta damuna a waya sai na zo Kano na ga wasansu na ƙarshe na ƙwallon kwando. Ni da ko dokar langa na manta, me na sani a ƙwallon kwando? Amma yaron nan a bayana ya yi wayo bayan rasuwar mahaifiyarsa. In ya ce Gwaggo zo, bakina ba ya iya cewa a'a.

Direbanmu irin masu hira da kowa ne, har da fasinjan da ke barci. A Kwanar Dangora masu talla suka yanyame motar, rake ta wannan taga, dafaffen ƙwai ta waccan. Na tambayi kuɗin ƙwai, da na ji sai na ce wa autata ai rake ya fi lafiya. Wajen Kura gonakin shinkafa sun yi kore shar, har na daina jin ciwon gwiwar da kwandon wata baiwar Allah ya danne min. Daga tasha muka hau adaidaita, ya sauke mu a bakin lungu a Yakasai, don daga nan sai ƙafa. Muka kutsa muna kauce wa awaki da masu kurar ruwa, muna amsa gaisuwar mutanen da suka san ni tun ina tallan alewa.

Muna cin gurasa bandashe, wadda har yau ban ci irinta a wani gari ba, Yaya ya faɗa min abin da ke ƙasa. Yaya ɗan kasuwar fata ne a Kurmi, mutum ne da ba ya maimaita magana. Ya ce Nazifi zuciya gare shi, kuma ya riga ya gaya masa, duk ranar da aka kore shi daga wasa saboda faɗa, ƙwallo ta ƙare, sai zaman shago. Na kalli yaron, ya sunkuyar da kai yana ɗaure takalmi. Na san zuciyar nan, ta gidanmu ce.

Bayan la'asar muka tafi filin, a harabar wata makaranta. Siminti ne tsurarsa, 'yan kallo a kan benci da katanga. Alƙalan wasa biyu ne, babbansu wani dattijo siriri mai furfura a gemu, kowa Malam yake ce masa. Ba ya ɗaga murya. Usur ne da hannu kawai ke masa magana.

Ana tsakiyar wasa Nazifi ya ƙwace ƙwallo ya zura da gudu, sai wani yaro daga ƙungiyar Dala, abokan karawarsu, ya finciko rigarsa ta baya har ya dungura. Malam ya busa, ya ɗaga dunƙulallen hannu sama, ya kama wuyan hannun da ɗayan. Wata ɗaliba da ke gefena ta ce wannan alamar ƙeta ce, laifin da ba ƙwallo aka nufa ba, mutum aka nufa. Aka ba Nazifi jifa biyu ba mai tare shi, aka kuma bar wa su ƙwallon. Hukunci ya yi. Amma na ga yadda yake cije leɓe, na san bai huce ba.

Can kusa da tashi, yaron Dalan ya yi tsalle zai jefa, ƙafafunsa duk a sama, Nazifi ya banke shi da kafaɗa. Ƙarar faɗuwarsa a simintin nan har cikin haƙorina na ji ta. Malam ya fara zuwa kan yaron, sai da ya ga ya tashi zaune yana riƙe da gwiwar hannu. Ya yi 'yar magana da abokin aikinsa, sannan ya taka gaban teburin masu rubuta maki, ya nuna lambar Nazifi da yatsu, ya ɗaga hannuwansa biyu sama a dunƙule.

Ni kuwa, Allah Ya yafe min, na ga dattijo ya ɗaga hannu a dunƙule, na ɗauka jinjina yake wa ɗanmu. Har na kama hanci zan rangaɗa guɗa, ɗalibar nan ta riƙe min mayafi.

"Hajiya, korarsa aka yi. Ba ma zai zauna a benci ba, sai ya bar filin gaba ɗaya."

Nazifi bai yi musu ba. Ya ɗauki jakarsa ya fice ta ƙofar makarantar, na bi shi. A gindin wata darbejiya na same shi, ƙato da shi, ya fi ni tsawo nesa, yana kuka kamar ranar da aka yaye shi. Na riƙa shafa bayansa. Kafin mu isa gida labari ya riga mu. Yaya bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi gobe su fita kasuwa tare, kuma hakan ya fi faɗa ciwo.

Washegari da hantsi aka yi sallama a zaure. Malam ne, a kan tsohon kekensa, cikin farar riga da hula. Ashe al'adarsa ce, duk yaron da ya kora sai ya taka har gidansu ya gaida iyayensa. Na kai ruwa na laɓe a bayan ƙyaure, ba zan ɓoye muku ba.

"Alhaji, ni na kore shi jiya," in ji Malam, "kuma in ya sake, wallahi zan sake. Da yaron Dalan nan da kai ya faɗi, da yanzu wata maganar muke. Amma daga wasa ɗaya na fitar da shi, ban fitar da shi daga ƙwallo ba. Na sha korar yara suna zagina. Naka ya fita bai ce uffan ba. Irinsa gyaruwa yake, in an bar shi a hannunmu."

Malam ya ce alfarma ɗaya ya zo nema, a ba shi aron Nazifi su je Dala su duba wanda ya ji ciwo. Na fara salati a zuci. Can na ji Yaya ya yi gyaran murya.

"Ku jira ni in ɗauko hula, Malam. Ɗana ne ya yi ɓarna, ai da ni za a je ba da haƙuri."

Ban san me aka ce a Dala ba, mata ba mu je ba. Na dai ga sun dawo bayan azahar, Yaya a gaba, Nazifi na tura keken Malam. Da Nazifi zai raka mu bakin titi ya raɗa min cewa Baba ya ce ranar Asabar ya je atisaye, amma sai ya share shago tukuna. Na ce to ka share shi har da na maƙwabta.

Mun iso Zariya ana kiran magariba, ƙafafuna a kumbure, autata na barci a kafaɗata. Har yanzu ban san yadda ake ƙirga maki a wasan nan ba. Abin da na koyo shi ne, hukunta yaro ba shi da wuya, kowa ma zai iya. Mai wuyar shi ne ka hukunta shi a gaban jama'a ba sani ba sabo, gari na wayewa kuma ka hau keke ka je ka roƙa masa afuwa wajen ubansa. Na haifi biyar, na riƙi na wasu, ban taɓa yin haka ba ko sau ɗaya. Malam, Allah Ya saka maka da alheri.