Rokar Yaya Bitrus Ta Sauko

Jiya da hantsi ina shanya a tsakar gidanmu a Makera, sai wani abu ya sauko a hankali da 'yar lemarsa, ya kwanta a gabana. Rokar wasa ce ta kwali, ja, da sunan yayana Bitrus a jikinta.

Bitrus fa ya rasu tun bara.

Malamin kimiyya ne, yana harba wa ɗalibansa irinta. Shi ya koya mini cewa da haruffa ake jera ƙarfin injinansu: A ne ƙarami, B ya ninka A, C ya ninka B, haka dai. Wannan jar kuwa a gabana ya sa mata injin D, a filin bayan tsohuwar masaƙar Kakuri, kafin ya kwanta ciwo. Ta tashi, ba mu ga saukarta ba. Muka yi ta nema har muka haƙura.

Mama ta fito ta tsaya a kanta.

Ta ce, "Ladi, D ɗin nan zai iya riƙe ta a sama har yau?"

Na ce, "Ina! Mama, kafin ki ƙifta ido ya ƙone ya mutu."

Ta taɓa gindin rokar, ta janye hannu da sauri. "To me ya sa yake da zafi?"

Na sunsuna. Ƙaurin hayaki ne sabo fil. Kwalin ma kamar bai taɓa ganin damina ba.

Mama ta ɗauke ta, ta kai ɗakin Bitrus, ta kwantar da ita a kan gadonsa, ta ce, "Sannu da hanya."

Ni dai har yanzu na kasa shiga ɗakin. Jama'a, da ku ne, za ku shiga?