Ranar da Kakana Ya Ƙi Goyon Bayan Wansa a Kwamiti

"Kai ma hannu za ka ɗaga masa?" Gwaggo Hansai, yayar babana, ta tambaye ni jiya a Paki tana ɓarar gyaɗa.

Damuwata na kai mata. Ina cikin kwamitin gudanarwa na ƙungiyar manoman rake a Maƙarfi. Shugabanmu, aminin babana, yana so mu ba ɗansa kwangilar kawo taki ba tare da an nemi wasu ba. Babu wanda ya ja da shi, ni ma kunya ta hana ni.

Sai ta ba ni labarin kakana. A zamanin Turawa yana cikin kwamitin manoman auduga a Ikara, wansa ne shugaba. Wan ya kawo surukinsa ya zama mai awon auduga, kowa ya ɗaga hannu ban da kakana.

Ta ce, "Baffa, wan nasa, ya ce masa, 'Ni za ka kunyata a gaban jama'a?' Baba ya ce, 'Yaya, a gida duk abin da ka ce shi ne. A nan kuwa guminsu mutane suka ba mu amana.'"

Na ce, "Aka fasa?"

"Ba a fasa ba, kuma damina guda ba su gaisa ba. Amma daga nan duk manomin da aka cuta a awo ƙofar Baba yake zuwa."

Ranar Asabar muna da zama. Zan durƙusa in gaida shugaba yadda na saba, sannan in ce ban yarda ba.

Ku da kuke cikin kwamitoci, ya kuke yi idan wanda za ku ce wa a'a na gida ne?