Ranar da Muka Nutsar da Motar Katako

Wata Litinin ce a watan Mayu na 1976, muna aji muna karanta jadawalin lissafi, sai muka ji ƙasa ta girgiza har allo ya motsa a bango. Ta taga muka hango garken cilakowa sun tashi daga kurmin da ke bayan ƙauyenmu, can gindin duwatsun Kagoro, suna ihu. Ban jira a tashe mu ba, na ruga. Babban maɗacin da ke kan idon ruwa na tarar a kwance, ya danne kwakwar manja da yawa, birai na tsalle a kan rassansa sun rasa inda za su. Wasu baƙi riƙe da dogon zarto suna share gumi. Kusa da su kuwa ƙanen babana ne, Baba Yohanna, yana nuna musu itace na gaba.

Wannan kurmi yana da doka tun kafin a gina majami'a a garinmu, kuma da aka gina ta dattawan ikilisiya ba su taɓa dokar ba. Ba a saran ɗanyen itace. Ba a farauta da damina, lokacin da gada ke da ciki. Ba a zuba magimfa a rafi don kashe kifi. Mu 'yan mata busassun ƙirare kawai muke tsinta, sai ganyen miya da naman kaza, muna wasan ɓuya a bayan saiwoyin da suka fi mu tsawo. Kakata Kande ce ke lura da ɓangaren mata. In ta ga ɗanyen reshe a cikin kayanka, sai ka mayar da shi har inda ka karyo. Takan ce, "Wanda ka tarar a tsaye, ka bar shi a tsaye."

Da Kaka ta iso ta ga maɗacin, ba ta yi kuka ba. Ta dubi ɗanta ta ce, "Yohanna, da ɓawon itacen nan na raya ka lokacin da zazzaɓi ya kusa ɗauke ka." Ya sunkuyar da kai ya ce wai wani ɗan kwangilar katako ne ya zo daga Kafanchan, kuma mutumin ya ce yana da izini. Ta juya ta tafi. Ni dai zuciyata tafasa take yi, ina roƙon Allah ya saukar da aradu a kan zarton nan.

Aradu ba ta sauka ba, mata ne suka sauka. Ranar da motar katako ta shiga kurmi ɗaukar gungume, tsakar rana, Kaka ta tara matan gari da fartanyoyinsu. Hanya ɗaya ce tak, ta bi ta gefen fadama inda muke shuka gwaza. Muka fasa bakin rafi muka juyo ruwa kan hanyar, muka yi ta tattaka laka da ƙafa muna rera waƙar zumuntar matan majami'a, kamar masu kwaɓa ƙasar gini. Ni da ƙawayena muka watsa busasshiyar ciyawa a sama. Ban taɓa yin aikin da ya yi mini daɗi kamar wannan ba. Da motar ta fito da kayanta, ta lume har ciki, tayoyi na juyawa suna feshin taɓo.

Mazan gari suka fito suka zauna a gindin ɗorawa suna kallo, babu wanda ya miƙe. Ɗan kwangilar ya zo gaban Kaka, takalmansa sun cika da laka, ya ce, "Mama, don Allah ki sa su tura mana." Ta ce, "Ka sauke abin da ba naka ba." Babu wadda ta sayar wa mutanen motar da kunu ko ta ba su ruwan sha. Sai da yunwa ta ci su sannan suka mirgino gungumen ƙasa, aka tura su, suka tafi ba waiwaye. Wasu suka ce a yi bencin majami'a da itacen, Kaka ta hana, ya ruɓe a nan gara ta ci.

Baba Yohanna kuwa dattawa suka yanke masa ya dasa 'ya'yan maɗaci kewaye da idon ruwa, ya shayar da su duk rani. Kullum sai na tsaya a hanyar makaranta in kalle shi da tulu a ka, yana haɗa gumi, in yi dariya yadda zai ji. Ya rasu da daɗewa, na je jana'izarsa, amma har yau in na tuna hannun nan da yake nuna itace, raina sai ya ɓaci.

Bara na je gida. Gonakin citta sun cinye rabin kurmin, buhunan gawayi jere a bakin titi, injin yankan itace na kuka tun safe, mutane na wucewa da babur ba mai ko juyawa. Na tsaya a gefen fadamar ina duban matan da ke wanki, ina neman wadda ranta ya ɓaci. Fushin nan namu ne nake kewa.