Neman Aure a Gafasa da Ƙafa Mai Ciwo

Muna sallame sallar asuba muka bar Kano a motar da muka ɗauka shata, ni da ƙanena da wani maƙwabcinmu dattijo. Gafasa muka nufa, can ƙasar Ajingi, neman aure wa ɗan marigayi yayanmu. Ni ne babba a gidan yanzu, don haka magana a bakina take.

Abin da ya hana ni sukuni tun kafin mu tashi shi ne babban yatsan ƙafata ta dama. Amosanin gaɓɓai ya daɗe da kama shi, gindinsa ya kumbura, ba ya lanƙwasuwa sai da azaba. Likita ya hana ni silifas da duk takalmi mai tsukakken baki. Ya ce in nemi mai faɗin gaba, mai taurin ƙasa, wanda ba zai riƙa naɗe yatsan ba in na taka. Na zaga 'yan gwanjo har na samo wani ƙaton kambas mai ruwan toka. Daɗin takawa kam akwai, amma muninsa ba a magana. Da uwargida ta gan shi a ƙarƙashin babbar rigata sai ta riƙe baki. "Malam, da wannan za ka je gaban surukai?" Shi ya sa na jefa sau-cikina na fata a leda na taho da shi.

A Wudil muka sha koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, mai suyar ta ce mu tambayi masu wake da masu mai. Daga nan zuwa Gaya titi lafiya, gero da dawa sun yi kore shar hagu da dama, mata na tallan dafaffiyar gyaɗa a bakin hanya. Ni dai hankalina na kan waya. Yaron ya kira ya fi a ƙirga. "Baffa, kun kusa? An ce baffan yarinyar zai tafi ta'aziyya bayan azahar, kuma akwai wasu da ke neman ta." Na ce ya kwantar da hankalinsa, alhali nawa ma a tashe yake.

Bayan mun wuce Ajingi muka sauka daga kwalta, nan fa tafiya ta canja. An kwana ana ruwa. Motar ta yi ta wutsil-wutsil har ta kafe a wani kwari, taya na juyawa a banza. 'Yan acaɓa biyu da muka tarar suka ce ko su ba sa shiga. Direba ya tsaya neman masu turi, mu kuma muka tattare riguna muka kama hanya a ƙafa ta cikin gonaki.

Ban taɓa jin tsoron tafiya irin na ranar ba. Duk taku sai na zaɓi inda zan sa ƙafa. Ƙanena da silifas ɗinsa ya yi ta zamewa, laka ta cire masa ɗaya har sai da ya sa hannu ya zaro. Kambas ɗin nan kuwa ya riƙe ni, yatsan na zugi amma bai lanƙwashe ba. Sai dai ina tafe kamar hawainiya, rana kuma tana ta ɗagawa. Wani Bafulatani da ke kora shanu ya dube ni, ya miƙo min sandarsa, ya ce in bar ta a masallacin garin zai ɗauka.

Da rufin kwanon garin ya bayyana, sai kunya ta kama ni. Na zauna a gindin wata kuka na cire kambas, na cusa ƙafa a sau-cikin fata. Ban yi nisa ba na ji kamar an soka min ƙusa mai zafi. Gumi ya karyo min, idona ya yi duhu, na durƙushe a kan kunyar gyaɗa. Daga cikin gari kuma aka fara kiran sallar azahar.

"Yaya, don Allah mayar da wancan," in ji ƙanena. "Aure muka zo nema, ba sarauta ba."

Da ƙyar takalmin ya fita, don ƙafar ta riga ta hau. Na mayar da kambas, maƙwabcinmu ya riƙe ni ta gefe ɗaya, sanda ta gefe ɗaya.

Mun tarar da baffan yarinyar ya fito da babur ɗinsa, yana ɗaure hula. Ya dubi lakar da ta kai mana gwiwa, ya dubi yadda nake ɗingishi, ya jingine babur ɗin. A zaure na cire takalmi, yatsan ya yi jajir a gaban kowa, ba halin ɓoyewa. Na fara jero gaisuwa, ya ɗaga hannu.

"Alhaji, da wannan ƙafar ka ratso kwarin nan?"

Na ce da ita.

Ya sa aka kawo min ruwan ɗumi a kwano da fura mai sanyi. Sai da na tsoma ƙafar ya ce, "Wanda ya yi wa ɗan ɗan'uwansa haka, ba zai bari a wulaƙanta mana 'ya ba. Mun ba ku."

A amalanken shanu aka mayar da mu inda motar take, an riga an turo ta daga laka. Mun shiga Kano ana kiran magariba, yaron na tsaye a ƙofar gida, ya kasa tambaya sai da na yi masa murmushi. Kwana na yi ƙafar na bisa matashi.

Abin da na koyo shi ne, mai ciwo irin nawa ƙafarsa zai tambaya kafin ya sayi takalmi, ba idon mutane ba. Ranar ɗaurin aure ma da kambas zan koma, sai dai wannan karon zan wanke shi.